Maccido, Wanda Aka Raba da Gulbi

Maccido ɗan masunta ne, haifaffen wani ƙauye a bakin gulbin Rima kusa da Goronyo, zamanin da Turawa ba su daɗe da zama ba. Tun bai iya ɗaure wando ba ya iya tura jirgi da gora. Ba abin da yake so a duniya kamar ruwa, kuma ubansa Halliru ya riga ya faɗa gaban mutane cewa shi zai gaji jirgin.

Wata damina, yana saurayi, aka aike shi Giyawa ya taya kawunsa Lauwali aikin gona. Lokacin gero ya fid da kai ya yi bununi, wannan gari-garin da ke zubo wa mutum a kafaɗa in ya ratsa gona. Ya dawo gida yana atishawa kamar kansa zai cire, majina na zuba tsararo, idanu jajur suna ƙaiƙayi. Ranar da ya dawo kuwa ya faɗa gulbi ya kwance taru da ya maƙale. Wannan kowa ya gani. Gonar ba wanda ya tuna da ita.

Aka kira wanzami. Ya yanke masa belu, ya kafa masa ƙaho a ƙeya, ya goge askarsa.

"Sanyin gulbi na," in ji wanzamin. "Halliru, in kana son ɗanka, raba shi da ruwa."

Bayan 'yan kwanaki hanci ya buɗe, don ya yi nesa da gero, amma sai aka ce ai ga aikin wanzami. Halliru ya ba ƙanen Maccido, Zayyanu, gorar jirgi. Maccido kuma aka mayar da shi Giyawa gaba ɗaya, can tudu inda babu sanyi. Wato an ɗauki mai ciwo an kai shi gidan ciwon, da kuka da addu'a, don ana ƙaunarsa.

Haka ya zama manomi. In bununi ya wuce sai girbi, in girbi ya wuce sai sussuka da ƙaiƙayinta, kuma duk wanda ya buɗe rumbu kusa da shi ya jawo masa atishawar wuni guda. Da baki yake numfashi, dare da rana, har leɓensa ya tsattsage. Bai san ƙamshin miya ba. Matarsa Hauwa'u, baiwar Allah, ta yi iyakar yinta: ta tafasa ruwa ta lulluɓe shi da mayafi ya shaƙi tururi, ta ba shi ruwan gishiri mai ɗumi ya ja ta hanci, ta shafa masa man shanu. Yakan samu sauƙi kaɗan, kafin la'asar hanci ya sake toshewa. Ko da zafi riga biyu yake sawa don tsoron sanyi. Ranar jana'izar ubansa ma nesa da gaɓa ya tsaya.

Da farko yana kewar gulbi har ya kasa cin abinci. Daga baya kewar ta tafi, ba abin da ya zo madadinta. Ba ya fushi, ba ya murna. Ya yi noma, ya haifi 'ya'ya, ya share hanci da bakin riga, gemu ya yi furfura.

Sai wata damina Bature ya fito rangadi, ruwa ya yanke hanya, aka ce a kai kayansa Wurno ta jirgi. Mai gari ya ɗebi masu dako, har da Maccido. Maccido ya ce wa dogarin mai gari an hana shi ruwa tun yana yaro. Dogari ya ce ya shiga ko a shigar da shi.

Ya zauna kan akwati yana jiran mutuwa. Ruwan sama ya yi masa dukan tsiya. Washegari ya farka ya ji wani abu daban, ashe bakinsa ne a rufe. Iska na shiga ta hanci har ƙirji. Ya ji warin laka, ya ji ƙarnin kifi, ya ji hayaƙin masu banda a gaɓa. Har suka isa Wurno ko atishawa ɗaya bai yi ba.

Da ƙafa suka komo. Wajen Magarya hanya ta ratsa gonakin gero, bununi ya zubo masa a fuska, nan take atishawa ta ɓarke. Ya tsaya yana kallon kan geron. Ya gane. Ya nemi ɓacin rai a cikinsa, bai samu ba.

Bai wuce gida ba, ƙauyensu ya nufa, ya sami Zayyanu yana gyaran taru.

"Yaya, mi ya kawo ka bakin ruwa?"

"Ba gulbi ba na, Zayyanu. Gero na. Ba ni gora."

Zayyanu ya miƙa masa don kunya. Maccido ya taka jirgi ya kafa gora, jirgin ya juya da shi. Ya sake kafawa, ƙafa ta zame, ya zube cikin ruwa har wuya. Hannun da ya saba da hauya ya manta gora. 'Ya'yan Zayyanu, magidanta masu jiragen yanzu, suka kawar da kai.

"Hito, Yaya," in ji Zayyanu a hankali. "Girma ya zo. Allah shi sawwaƙe."

Ya isa Giyawa da magariba, hanci ya riga ya toshe. Hauwa'u ta taɓa rigarsa ta ji danshi.

"Malam, ruwa ka shiga? Kashe kanka za ka yi?"

Ya so ya yi mata bayani, sai ya ga ba abin da bayanin zai mayar masa.

"Kuskure na," ya ce.

Ta ɗora tukunya, ta ɗauko mayafi. Ya duƙa ya sa kansa cikin tururin, yana numfashi da baki. Da safe ya ɗaura tsumma a hanci ya shiga gona.