Ɗiyar Masunta Mai Tsoron Tarwaɗa

Mu masunta ne tun kaka da kakanni, a bakin kogin Kwara kusa da Lolo. A gidanmu yaro kan iya riƙe tarwaɗa ta bayan ƙaya kafin ya iya ɗaura wando. Shi ya sa ranar da tarwaɗa ta yi tsalle daga kwando ta faɗo a ƙafar ɗiyar ƙanena, ta ƙwalla ihu ta ruga bayan rumbu, kowa ya yi dariya. Ba ta wuce shekara huɗu ba a lokacin. Dariyar gida ce, da a tsakar gida za ta ƙare.

Sai dai ƙanena na riƙe da waya. Shi dama ruwa bai taɓa karɓarsa ba, in ya shiga jirgi sai ya fito da ciwon kai. Ya sa bidiyon a shafinsa, kafin kasuwar Lolo ta zagayo, mutanen da ba su san inda ƙasarmu ta Bagudo take ba sun gama kallon yarinyar. Daga nan ya jingine taru. Matarsa ta riƙe waya, shi ya lallaɓo ta baya da kifi mai rai. Yau a saka mata cikin tulu, gobe cikin jakar makaranta. Masu shaguna suka riƙa kawo musu kaya su tallata, gida ya yi rufin kwano.

Abin da ke ƙona mini rai, tun da aka kawo shari'a aka hana 'yan matanmu dandali, wai don a tsare mutuncinsu. Ga yarinya ana nuna wa duniya hawayenta da majinarta, ba wanda ya ce uffan.

Na same shi a zaure na ce, "Kai, wanga abu ya isa. Ɗiyar nan ko ruwa ba ta sha sai ta leƙa moɗa."

Ya ce, "Yaya, wasa na fa. Mi aka yi mata? Duniya duka na son ta."

Na ce to a ba ni ita riƙo, tunda ba a hana gwaggo ɗiyar ƙanenta. Ya yi ta yi mini hanya-hanya har shekaru suka tura. Sai da matarsa ta haifi tagwaye, masu kallo suka koma kansu, sannan ya aiko mini da ita da kayanta a leda. Na yi murna, na kuma ji haushin sauƙin da ya sake ta.

A garin Bagudo inda nake zaune ma ba ta huta ba. Yaran islamiyya suka riƙa jefa mata ƙashin kifi suna kwaikwayon ihunta. Ta daina fita, ta daina magana sai an tambaye ta. Sai na yi tunanin in kai ta wajen 'yar'uwata da ke aure a tsallaken iyaka, ɓangaren Benin, inda nake kai kifin banda. Can yaren Dandanci suke ji, makarantarsu ta Faransanci ce, wa ya san ta?

Muka tsallaka da safe ranar kasuwa. A hanya har ta yi mini waƙa, abin da na daɗe ban ji ba. Ina sauke kwandon banda a kasuwarsu sai wata mai ɗanyen kifi ta ƙura mata ido, ta tafa hannu, ta kira maƙwabtanta. Nan da nan wayoyi suka fito. Matar ta ciro tarwaɗa daga baho tana dariya, ta miƙo ta wajen fuskar yarinyar.

Na yunƙura zan ci mutuncinta, amma yarinyar ta riga ni. Ta ajiye ledarta a hankali, ta ɗora hannu a ka, ta ƙwalla ihu, ta yi tsalle baya. Idonta a bushe. Kasuwa ta ɗauki shewa, kowa ya samu abin da yake so, suka watse.

Ta ɗauki ledarta ta kakkaɓe. Na ja ta gefe na ce, "Mi ya sa kika yi musu?"

Ta ce, "Gwaggo, in na yi musu da wuri sun fi saurin ƙyale ni."