Abokiyar da Na Sassaƙa wa Mutumin Dutse

Ranar wata Asabar a bazarar 2002, ina 'yar shekara tara, na fara ganin mutumin dutse. Wata uku ke nan da aka yi wa Baba canjin aiki daga Katsina zuwa Abuja, muka kama haya a wani ƙauye bayan Bwari. Baba kan fita tun asuba, Umma na fama da goyo, yaran unguwa kuwa yaren Gbagyi suke yi, da na matso sai su yi tsit. Ranar an aike ni rafi, na tarar da wata tsohuwa, Mama Ladi, tana kwashe shanyar rogo a kan wani faffaɗan dutse. Tana gama shara, farin gari ya maƙale a tsagogin dutsen, sai ga zanen shanu bakwai masu dogayen ƙaho ya bayyana, da wani mutum can gefe shi kaɗai, hannuwansa a sama. "Kakan kakana ma ya zo ya same shi nan," in ji ta.

Daga ranar na samu wurin zuwa. Da an tashi makaranta na gama wanke-wanke, sai in ƙulle toka a bakin zane, in je in barbaɗa masa har ya fito, in zauna ina ba shi labarin wadda ta harare ni a aji. Tausayinsa nake ji ƙwarai. Shanu suna da 'yan'uwa, shi ba kowa. Don haka na ɗauko ƙusa da guntun dutse, na shafe mako guda ina ƙwanƙwasa, har na sassaƙa masa yarinya a gefensa, da ɗankwalinta.

Lokacin gine-ginen Abuja na cin tsakuwa ba ƙaƙƙautawa, wani kamfani kuma ya sa wa dutsen ido. Mama Ladi ta yi ta sintiri gidan mai gari har aka turo mutum biyu su duba ko kayan tarihi ne. Tun kafin ta kawo garin rogon da za ta barbaɗa wa zanen, ɗayansu ya durƙusa ya shafa yarinyata, wadda tsagoginta ke fari fat, ya yi dariya. "Oga, wasan yara ne. Dubi ɗankwali!" Ina tsaye da tulu a kaina. Mama Ladi ta dube ni sau ɗaya, ba ta tona ni ba. Da na ce yarinyar kaɗai ce tawa, wataƙila da sun tsaya. Tsoron dukan Baba ya rufe mini baki, suka shiga mota.

Kafin damina ta faɗi aka sa wa dutsen nakiya, har kwanukan Umma suka zubo.

Yau rukunin gidaje ne a wurin, da mai gadi a ƙofa. Ina da abokai yanzu, wayata ba ta hutawa, amma duk sanda na ga shanyar rogo sai na rage tafiya. Shekaru aru-aru mutumin dutse ya yi shi kaɗai lafiya lau, har ranar da na ji tausayinsa.