Kawu Sale da Darar Kwamfuta

Duk wanda ya san Kawu Sale a Maska ya san buhun takin nan nasa. A ciki yake ajiye kwamfuta! Ɗansa na Kaduna ne ya aiko masa da ita, har da jakarta baƙa mai zif. Kawu ya juya jakar gaba da baya, ya ce wannan ai kiran ɓarawo ne, ya miƙa wa matarsa Inna Hajara ta riƙa zuba daddawa. Kwamfutar kuwa ya naɗe ta da tsohon rawani, ya cusa a buhu, ya ɗaure a bayan babur. In zai buɗe ta sai ya yi gyaran murya ya ce, "Salamu alaikum." Na taɓa tambayarsa wa yake yi wa sallama. Ya ce, "Ke kin san wanda ke ciki?"

Yayan mahaifiyata ne, ni kuma ina koyar da kwamfuta a wani ɗan shago a Funtua. Da manoman unguwarsu suka naɗa shi sakataren ƙungiya, don kawai shi ne mai kwamfuta, sai ga shi a ajina, ya zauna tsakiyar 'yan makaranta da farin gemunsa. Ya ce in koya masa abin nan mai gida-gida da 'yan ofis ke jera sunaye a ciki.

Na buɗe masa shafi. "Kawu, ka ga layukan da suka sauko daga sama? Su ne na tsaye, sunansu A, B, C. Na kwance kuma lamba gare su. Inda na tsaye ya haɗu da na kwance, shi ne gida. Wannan gidan sunansa A1."

Ya gyara tabarau. "Dara ce."

"Ba dara ba ce, Kawu."

"Rabi, ina dara tun uwarki na goye. Ina 'ya'yan?"

Kafin in ba shi amsa ya gano yadda ake gangarawa ƙasa. Shi ke nan, darasin ranar ya tafi. Yana ta gangarawa, yana gumi, wai sai ya ga iyaka. Can ya ɗago ya ce, "Duk wannan filin na wane ne?"

"Naka ne."

"Ba wanda zai zo ya ce na shiga nasa?"

"Babu."

Ya girgiza kai. "Akwai dai. Bai ji labari ba ne tukuna."

Na ba shi aikin gida: ya rubuta sunayen 'yan ƙungiya, kowa da inda gonarsa take. Kun san Kawu da tattali, mutumin da ke tsaga tsinken ashana gida biyu. Da ya dawo na buɗe, wallahi sai da na zauna. Mutanen ƙungiya kaf, da gonakinsu, da laƙabinsu, duk ya cusa su a gidan A1. Sauran shafin fari fat.

"Kawu, kowane suna gidansa daban, kowace gona gidanta daban!"

"Almubazzaranci! Mu nawa muka tashi a ɗaki ɗaya a gidan Baba? Wa ya mutu?"

Ranar lissafi kuwa mun kusa ɓatawa. Na sa ya rubuta buhunan masarar mutum biyu a gida biyu, na ce a gida na uku ya fara sa alamar daidai, sannan sunan gidan farko, a tara da na biyu.

"Alamar daidai a farko?"

"A farko."

"A firamare malamin lissafi ya zane ni a kan wannan alamar. A ƙarshe take! Yaya za a ba da amsa ba a yi tambaya ba?"

Da ƙyar ya yarda ya danna, jimla ta fito. Sai na ce ya canza lambar gidan farko. Yana canzawa jimla ta sauya da kanta. Kawu ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi. "A'uzu billahi! Wa ya gaya mata?" Ya rufe murfin a hankali, ya ɗan jira, ya buɗe da sauri wai ko zai kama mai yin aikin. Rannan kuma ya kira ni a waya hankali tashe, wai ta kafa masa shinge a gida guda. Da na je na duba, lambar ce ta fi ƙarfin gidan, shi ya sa ta cika shi da waɗannan alamomi masu kama da darni. Na ja layin na faɗaɗa, lamba ta bayyana. Ya ce, "Ashe matsi ne ya dame ta. To ba sai ta faɗa ba!"

Abu ɗaya ne ya shiga ransa nan take: koma-baya. In ka yi kuskure ka danna, abin ya dawo yadda yake. Wannan kam ya ce wanda ya ƙirƙiro shi ɗan albarka ne.

Sai aka shiga damina, ƙungiya ta yi hayar tarakta daga Danja. Kawu ya ga sunaye a hargitse, ya so ya jera su bi da bi, daga A zuwa ƙasa. Na sha gaya masa in zai jera, ya zaɓi teburin gaba ɗaya. Shi kuwa layin sunaye kaɗai ya zaɓa. Kwamfuta ta fito masa da gargaɗi da Turanci, ya danna abin da ya fi kusa da yatsansa, kamar yadda yake yi wa kowane gargaɗi. Sunaye suka jeru tsaf, gonaki suka tsaya inda suke. Ya bi waɗanda suka nemi tarakta ya yi musu alama, aka buga takarda, aka ba direba. Direba baƙo ne. Ya ga sunan Alhaji Abdu, a gabansa an rubuta gonar gindin tsamiya, ya tafi ya kafce ta tas.

Gonar gindin tsamiya ta Nomau ce, Bamagujen nan abokin Kawu tun suna kiwon awaki. Nomau bai nemi tarakta ba. Ya riga ya yi shuka, dawarsa har ta fito, kuma ita ce abincin gidansa na shekara.

Kawu ya iso shagona ko hula babu. "Rabi, danna mata koma-baya!"

"Kawu, koma-baya ba ta tayar da dawa."

Ya tsaya yana kallona. Ban taɓa ganin idonsa ya yi ja haka ba. "To mene ne amfaninta?"

Tare muka je wurin Nomau. Muka same shi zaune a bakin gona, ya zuba tagumi. Bai ko ɗago ba ya ce, "Sale, wa ya turo tarakta gonata?"

"Wallahi kwamfuta ce."

"To ka kawo ta gobe da sassafe, ka ba ta sungumi."

Washegari Kawu ya buɗe rumbunsa ya ɗebo irin dawar nan tasa da ko ɗan'uwa ba ya ba ƙwaya ɗaya. Ya tara 'ya'yansa, shi ma ya ɗauki sungumi da tsufansa. Kuma ya zo da kwamfutar! Ya jingine ta a gindin tsamiya, ya buɗe murfin ta fuskanci gona. Nomau ya ce wannan fa? Kawu ya ce, "Ta zauna ta ga abin da ta yi." Nomau ya yi dariya har da tari. Dawar ta yi, ko da ba ta kai ta bara ba, abin da ya rage Kawu ya cike masa daga rumbu.

Kuna tsammani ya daina? Ina! Makaranta ma ya buɗe. Bayan La'asar sai ya tara dattawa a ƙofar gida, ya zana gidaje a ƙasa da sandarsa yana koya musu. Na taɓa tarar da su, yana nuna layin kwance yana cewa na tsaye ne, ya sa A a ƙasa, lambobi a sama, su Malam Idi mai gyaran keke suna ta gyaɗa kai ba wanda ya gane komai. Malam Idi ya juyo ya ce, "Malama Rabi, haka ne?" Na dubi Kawu, ya ƙura mini ido ta saman tabarau, fuskarsa cike da murna kamar yaro. Na ce, "Haka ne, Baba."

Da kaka ya kwanta ciwo, bai daɗe ba ya rasu. Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Mu da ya bari muna dariya da hawaye, Allah ya sa mu cika da imani.