Gwangwanin da Kamalakshi ta Hana Taɓawa

A ƙauyensu da ke gefen garin Thrissur a jihar Kerala, ba a taɓa jin maganin Kamalakshi ya gaza ba. Shekara arba'in tana dafa wa mutane darbejiya da kurkum, kuma duk wanda ta ba sai ta hana shi kifi da tsamiya har kwana ashirin da ɗaya. In ka warke, aikinta ne. In ka ƙare a gadon asibiti, to kifi ka ci a ɓoye. A Kerala kuwa, inda kifi ne abincin kullum, wa zai iya rantsewa bai ci ba?

Da ƙafar mijinta Kuttappan ta kumbura tana zubar da mugunya, sati biyu ta tsare shi da kunun shinkafa.

"Kamalam, ƙafar nan fa ta soma wari," in ji shi.

"Bakinka dai ke warin kifi, maigida."

Ya lallaɓa asibiti, likita ya wanke masa ƙafar tas, ya ba shi kafso. Da ya dawo gida ya rasa inda zai ɓoye kafson, sai ya tuna da tsohon gwangwanin kurkum na saman kanta, wanda ta hana kowa taɓawa. Yana buɗewa ya tarar da kafso irin nasa sak, da sunanta a takardar likita, tun ciwon haƙorinta na bara.

Washegari ya sayo kifi, ya soya, ya zauna ci a gabanta. Ta dubi kifin, ta dubi saman kanta, sannan ta miƙo masa tsamiya.