Kifin da Ya Fito a Bayan Motar Baba

Mahaifina bai taɓa mallakar mota ba sai da ya yi ritaya daga sakatariyar Shanga. Da kuɗin sallamarsa suka fito, bai yi shawara da kowa ba, ya damƙa su a hannun ƙanensa, wanda muke kira Baffa, ya ce ya je Kwatano ya sayo masa mota. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu, kuma Baba ne ya riƙe shi tun yana ƙarami har ya yi masa aure. Ko Inna ba ta isa ta faɗi laifin Baffa a gidanmu ba.

Mota ta iso Yelwa baƙa wuluk, tana sheƙi, unguwa ta fito kallo. Baffa ya haɗo ta da tsaraba: gwangwanin man goge mota mai murfi ruwan zinariya. Man ciki laushi gare shi kamar man shanu, ga ƙamshi, har jikokin gidan suka so lasa.

"Yaya, wanga kaɗai za a shafa mata," in ji Baffa. "Kak ka bari a sa mata na kasuwa. In ya ƙare ka hwaɗa min in kawo wani."

Baba ya riƙe maganar nan tamau. Bai yarda a kai motar wurin masu wanki ba, sai aikin ya faɗo kaina, ni da nake da matata da 'ya'yana. Duk Asabar in zo gida, in wanke ta a inuwar dogonyaro, in lakaci man in shafa sama-sama, in jira ya bushe ya yi fari, sannan in bi da tsumma mai laushi. Shi kuwa yana kan kujera yana ba da umarni, mutumin da ko tuƙi bai gama iyawa ba. Gaskiya man yana aiki. Idan aka yi ruwa sai ka ga ɗigo ya dunƙule ya gangare bai jiƙa fentin ba. Amma ni haushin abin nake ji. Baffa ya ce kuɗin gwangwani ɗaya ya kai na buhun shinkafa, ni kuma a ganina mai dai mai ne, sauran duk ƙaryar murfi ce.

Man ya ƙare ana saura kwanaki sunan jaririyar ƙanwata a Wara. Baffa ya yi ta cewa gobe, wai mai kawowa bai dawo daga Legas ba. Baba ya ce shi ba zai shiga gidan surukai da mota dishi-dishi ba. Sai na faɗa kasuwa, layin masu kayan mota, na sayo na talakawa. Mai shagon ya rantse mini har ƙarzuwa yana cirewa. Da na buɗe, warin kananzir ya buge ni, na murza a yatsa na ji gari-gari kamar toka.

Baba ya shinshina, ya yamutsa fuska. "Araha ba ta ado," ya ce. Na ce masa ai ba biki za ta ba, suna ne. Da ƙyar ya yarda in gwada a murfin but, can baya inda ido bai cika zuwa ba.

Na fara murzawa, tsumma ya yi baƙi ƙirin. Har daɗi na ji, na ɗaga wa Baba shi: ga dattin da mai tsada ya kasa cirewa. Na ƙara ƙarfi. Can sai wani siririn layi ruwan ɗorawa ya ɓullo a ƙarƙashin hannuna. Na ɗauka ƙarzuwa ce, na bi shi da guga. Layin ya lanƙwasa, ya rabu biyu, ya zama wutsiya. Na tsayar da hannuna. Abin da ke bin tsumman ba datti ba ne, fentin ne da kansa, ɗan shafen da aka yi a kan wani tsohon zane. Na matsa gaba kaɗan, ga ƙaya, ga ɓawo, ga ido yana kallona.

Giwan ruwa ne. Kuma na san shi.

Duk wanda ya saba bi ta tashar Yelwa ya san motar nan mai zanen giwan ruwa a baya. Ita ke jigilar busasshen kifi daga Wara, an ɗaure ƙofarta da igiya, kwanduna har saman rufi. Wata damina ruwa ya ja ta a wani kwalbati, ta kwana biyu a nutse kafin a fito da ita, daga nan ba a sake ganinta ba. Ashe ba ta yi nisa ba. Tana gidanmu, ina durƙusa mata duk Asabar.

Inna ta fito da buta a hannu, ta tsaya, ta saki salati. "Wagga ai motam mai kihi ta! Shi ya sa in anka yi ruwa takan yi ƙarni, kai ta cewa daddawata ce!"

Ni kam na jefar da tsumma, na ce yanzun nan zan je in sami Baffa, unguwarsu ta ji abin da ya yi. Baba bai ɗaga kai ba. Ya taso a hankali, ya sa yatsa ya bi wutsiyar kifin. Ya daɗe a haka.

"Ida gogewa," ya ce.

"Baba?"

"Na ce ka ida. Hiddo shi duka."

Na ɗauki tsumma na ci gaba. Ban taɓa yin aikin da ya yi mini nauyi irin wannan ba. Da kifin ya fito sarai, Baba ya shiga ciki ya sako babbar riga, ya ce in ja mu gidan Baffa.

Da muka isa, ya sa na juya motar, bayanta ya fuskanci ƙofar zaure. Muka shiga. Ina jiran tsawa, sai na ji Baba yana gaisuwa, yana tambayar iyali ɗaya bayan ɗaya. Aka kawo fura ya sha. Baffa har yana ba da haƙuri a kan man da bai iso ba. Na ciji leɓe har na ji gishirin jini, don in na buɗe baki ba alheri ne zai fito ba.

Da muka tashi, Baffa ya biyo mu rakiya yana dariya. Yana fitowa zaure dariyar ta tsaya. Ya dubi kifin, ya dubi ƙasa, ya cire hula ya mayar.

"Yaya..." in ji Baffa.

Baba ya karɓi makulli a hannuna. Ya kamo hannun ƙanensa, ya sa makullin a tafinsa, ya naɗe masa yatsun a kai.

"Da ka hwaɗa min kana cikin matsi," ya ce, "wallahi da duka na ba ka. Mi ar raba ni da kai?"

Bai jira amsa ba. Ya juya ya nufi titi da ƙafa, na bi shi, har yanzu hannuwana baƙi ƙirin da fenti. Muka tsayar da ɗan kabu-kabu, Baba ya hau, na hau bayansa. Ina jingina da shi na ji bayansa yana girgiza a cikin babbar rigar, na rasa inda zan sa idona, don tunda nake ban taɓa ganin kukansa ba. Mai babur ya waiwayo ya tambayi ina muka nufa. Baba ya buɗe baki, murya ta ƙi fita. Ni na faɗa masa unguwar.