Zumar Inabi a Ma'adi

Cikin duk abubuwan da suka same ni a shekarun karatuna a Alkahira, akwai wata rana da na san ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Lokacin ina zaune a unguwar Madinat Nasr tare da wasu ɗalibai 'yan uwana. Wata Juma'a na je unguwar Ma'adi gaida abokina, sai na ga inabi ya yaɗu a kan katangar wani gida. Na tsaya ina kallo, domin mahaifina manomin inabi ne a wajen Zariya. Ina nan tsaye wani dattijo Bature ya leƙo, ya ce da ni cikin Larabcin Masar, "Ɗana, kallon ɓarawo kake yi ko na manomi?" Na yi dariya na ce na manomi ne. Daga nan muka saba, nakan kai masa ziyara, ina kiransa Ammu kamar yadda Misrawa ke kiran manya.

Mutumin Italiya ne, aiki ya kawo shi Masar tun yana saurayi, ya yi aure a nan, matar ta rasu ta bar shi. Ƙauyensu yana wani yanki na kudu mai suna Basilikata, wanda ya ce ko 'yan ƙasarsu ba kowa ya damu da shi ba. Gonarsu tana gindin wani dutse da ya daina aman wuta tun zamanin da. Baƙin inabi suke nomawa, ba sa tsinkarsa sai sanyi ya fara shigowa. Da can da ƙafa suke tattake shi, su zuba ruwan a gangunan katako, su ajiye a cikin kogunan da kakanninsu suka fafe a jikin dutse har ya zama giya. Ni dai sauraro nake a matsayin ɗan manomi. Namu kasuwa yake tafiya, nasu kogo.

Wata rana na same shi zaune, ga kwalba da kofi biyu a kan tebur. Ya ce ƙanensa ya rasu, shi ne na ƙarshe da ke kula da gonar, yaran duk sun gudu birane. Kwalbar kuwa ita ce giya ta ƙarshe da ta rage masa daga aikin hannun marigayin.

"Na san addininka," in ji shi, "amma ba ni da wanda ya san wahalar inabi sai kai. Ko leɓenka ka jiƙa, mu yi masa bankwana."

Ban taɓa jin nauyin kalmar "a'a" irin na ranar ba. Ga mutum cikin baƙin ciki, bai nemi kowa ba sai ni. Na sunkuyar da kai na ce, "Ammu, ka yi haƙuri. Ba zan sha ba, ba kuma zan iya zama ana sha ba. Amma in ka yarda, zan zauna da kai har yamma, ka ba ni labarinsa."

Na ɗauka mun rabu ke nan. Sai ya tashi ya mayar da kwalbar cikin kabad ba tare da ya buɗe ba, ya dawo da wani ɗan gwangwani da burodi. Abin da ke ciki baƙi ne mai kauri kamar zuma. Ya ce ranar matsa, kafin ruwan inabi ya fara tsami, mata kan ɗebi na farko su dafa shi har ya kafe, don yara da marasa lafiya. Babu maye a cikinsa ko kaɗan.

"Ma'alish, ba komai, ɗana," ya ce. "Wannan ma daga gonarsa ya fito."

Muka dangwala muna ci, yana ba ni labarin ƙanensa, wani wuri ya yi dariya, wani wuri ya share hawaye.

A da na ɗauka in mutum zai tsare addininsa dole sai ya ɓata wa wani rai. Ranar na gane cewa ana iya ƙin abin da aka miƙo maka ba tare da an ƙi mai miƙowar ba, muddin ka faɗi gaskiya da taushi, kuma ba ka tashi ka bar shi shi kaɗai ba.