Malam Rabi'u Lawan, Magatakardan da Ya Nemo Sunan Mahaifinsa

Haihuwa da Asali

An haifi Malam Rabi'u a shekarar 1951 a Tsamiyar Bage, wani ƙaramin ƙauye da ke kudu da birnin Kano. Sunan mahaifinsa Malam Lawan, wanda aka fi sani da Lawan Mai Awo saboda shi ke auna gyaɗar manoma a kan sikeli idan kaka ta yi, sunan mahaifiyarsa kuwa Kulu. Su uku ta haifa, shi kaɗai ya rayu.

A kakar shekarar 1961, yana da shekara goma, buhun gyaɗa huɗu suka ɓace a wurin awo, aka ɗora wa mahaifinsa. 'Yan doka suka zo da hantsi, suka ɗaure shi da igiya a gaban jama'a, suka tafi da shi garin hakimi. Bayan kwana goma sha ɗaya ya dawo da ƙafarsa, ya ce alƙali ya wanke shi, amma babu ko guntuwar takarda a hannunsa. Mutanen gari suka ce ai wanda aka ga an ɗaure ba ya dawowa haka kawai, sai dai an yi rufa-rufa. Aka karɓe sikelin, aka daina kiransa ɗaurin aure da suna. Shekara ba ta zagayo ba ya kwashi iyalinsa ya koma Gyadi-Gyadi, wadda a lokacin gonaki suka fi gidaje yawa a cikinta.

Karatu

A shekarar 1962 aka sa Rabi'u a makarantar firamare ta Tarauni. Ranar da za a rubuta sunansa, mahaifinsa da kansa ya roƙi malamin da kada a haɗa da nasa, domin yana tsoron kada tabon ya bi yaron. Aka rubuta Rabi'u Tarauni, kuma da wannan suna ya yi karatu, ya yi aiki, ya yi aure. Da yamma yana ɗaukar karatun littattafai a zauren wani malami a Daurawa, inda ya ƙware wajen karanta rubutun hannu na Larabci da ajami, ko da mai rubutun ya yi shi a gurguje. Ya kammala firamare a 1968, sannan ya yi shekara uku yana koyon aikin akawu da buga tafireta.

Malam Lawan ya rasu a 1970, yana dako a kasuwa. Bai taɓa komawa Tsamiyar Bage ba. Rabi'u ya yi baƙin ciki ƙwarai, kuma tun daga nan ya ƙudura cewa sai ya nemo rubutun hukuncin nan, ya karanta shi a gaban mutanen da suka ƙaryata mahaifinsa.

Aiki

Ya kama aikin magatakardan kotu a watan Maris na 1972. Shekara ashirin da biyu ya yi ana yawo da shi kotunan karkara kafin a dawo da shi birni. Abokan aikinsa sun shaide shi da rashin son hira da son ɗakin ajiyar takardu, wurin da kowa ke gudu saboda gara da kashin jemage. Suna tsokanarsa da cewa ya fi sanin fursunonin da suka mutu fiye da maƙwabtansa masu rai, shi kuwa bai taɓa musawa ba.

A wannan zaman ya fitar da hanyarsa ta bincike. Yakan ce duk wanda aka kama yana barin sawu a wuri uku: littafin ofishin 'yan sanda, littafin gidan yari, da littafin kotu. Mutumin ƙauye kuma ba ya riƙe kwanan wata, don haka sai a tambaye shi wane dagaci ne a kan gado, damina ce ko rani, ranar wace kasuwa ce. Da waɗannan amsoshi yakan kai ga shafin da ake nema.

Na mahaifinsa ne kawai ya gagare shi. A 1984 ya samu tsohon littafin gidan wakafi na gundumarsu, wato inda ake tsare masu jiran shari'a, ya ga sunan Lawan Mai Awo da ranar shiga da ranar fita, amma gurbin hukunci babu komai. Ya bi littattafan kotun na 1961 shafi-shafi har sau uku, bai ga shari'ar ba. Hankalinsa ya tashi, domin abin da ya samo ya tabbatar da kamun ne kawai. Bai gaya wa mahaifiyarsa ba, har ta rasu a 1990.

Aure da Iyali

A 1975 ya nemi auren wata yarinya 'yar asalin ƙauyensu, iyayenta suka yi bincike, suka dawo da kayan gaisuwa ba tare da dogon bayani ba. A 1977 ya auri Hajara, 'yar wani tela a Ƙauyen Alu. Kafin a sa rana ya je ya gaya wa mahaifinta labarin gyaɗar daga farko har ƙarshe, telan ya ce shi ɗinki ya sani, ba shari'a ba, kuma ya ba shi 'yar tasa. Sun zauna shekara arba'in da biyar cikin rufin asiri, suka haifi 'ya'ya biyar. Ƙorafin Hajiya Hajara ɗaya ne, cewa ba ta taɓa wanke masa riga ba ta tarar da aljihun babu takarda.

Bayan Ritaya

Ya yi ritaya a 2007, ya ajiye benci a zauren gidansa na Gyadi-Gyadi. Ba a jima ba zauren ya zama wurin zuwan direbobi da leburori da 'yan adaidaita sahu da suka baro ƙauyuka, waɗanda aka taɓa kamawa aka sake, yanzu kuma ake neman su kawo shaidar cewa maganarsu ta ƙare kafin a ba su aiki ko mata. Yakan rubuta musu takardar neman kwafin hukunci, ya gaya musu ofishin da za su fara zuwa da wanda za su gaisar. Idan mutum ya dawo da takardarsa a hannu, Malam yakan wuni cikin fara'a.

Samun Littafin

A watan Yuni na 2013 wani direban tifa mai suna Auwalu, ɗan gundumarsu, ya zo neman shawara. Cikin hira ya ambaci cewa rufin ɗakin kakansu yana yoyo, ga shi akwai adakar takardun Larabci a ciki wadda ba mai taɓawa. Kakan nasu a da muhuti ne, wato marubucin alƙalin gundumar. Iyalin sun ɗauka littattafan addini ne, kuma a gidansu ba a yar da takarda mai rubutun Larabci, ba a ƙunshe ƙosai da ita, shi ya sa adakar ta kai shekara hamsin a rufe.

Nan Malam Rabi'u ya tuna abin da ya daɗe da sani bai taɓa haɗa shi da zancen mahaifinsa ba. Alƙalan wancan zamani sukan fita rangadi ranar kasuwa, su yi shari'a a gindin bishiya, muhuti ya rubuta a wani littafi daban wanda yake tafiya da shi gida. Mutumin da ya koya wa ɗaruruwa su tambayi ranar kasuwa, shi bai tambayi kansa ba, kuma ya yi ta yi wa kansa dariya a kan haka har ƙarshen rayuwarsa.

Washegari ya bi Auwalu zuwa gidan kakan nasu. Ya kwana biyu yana buɗe takardu a kan tabarma, a rana ta uku ya kai ga shafin. An rubuta cewa direban motar kamfanin sayen gyaɗa ya yi shaida da bakinsa, shi ya ɗora buhunan huɗu ya wuce da su ba tare da ya sanar ba, don haka Lawan ba shi da laifi, a sake shi. Ga hatimin alƙali a ƙasa. Auwalu ya ce ya ga dattijon ya rufe fuska da hularsa ya yi kuka.

Ranar Juma'a ta gaba, da izinin dagaci da liman, ya karanta shafin a ƙofar masallacin Tsamiyar Bage, ya fassara shi da Hausa. Mafi yawan masu sauraro ba su san wane ne Lawan ba. Tsofaffi biyu kaɗai suka rage daga waɗanda suka ga kamun. Ɗayansu ya dogara sanda ya miƙe, ya ce: "Rabi'u, da bakina na kira shi ɓarawo. Shi ya riga ya tafi, kai ka yafe mana." Malam Rabi'u ya ce: "Baba, na yafe. Ku yi masa addu'a da sunansa." Aka yi.

A watan Agusta na shekarar ya shiga kotu, wannan karon a matsayin mai rantsuwa, ya sauya sunansa daga Rabi'u Tarauni zuwa Rabi'u Lawan, yana da shekara sittin da biyu. Ya ci gaba da zaman zaurensa cikin kwanciyar hankali har ƙarfinsa ya ragu.

Rasuwa

Allah ya yi wa Malam Rabi'u rasuwa ranar Talata, 8 ga Nuwamba 2022, a gidansa, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara saba'in da ɗaya. An yi masa salla a ƙofar gida bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar Tarauni. Cikin masu rakiya har da mota guda cike da mutanen Tsamiyar Bage, kuma mai sanarwa ya kira shi Rabi'u ɗan Lawan Mai Awo, kamar yadda ya yi wasiyya.

Ya bar matarsa Hajiya Hajara, da 'ya'ya biyar: Sadiq, Lami, Faruk, Nafisa da A'isha, da jikoki goma sha huɗu. Ƙaramin jikokin, wanda aka haifa bayan an dawo daga Tsamiyar Bage, yana ajin firamare a Tarauni, kuma sunan da aka rubuta masa a rajista shi ne Lawan Sadiq Lawan. Allah ya jiƙan Malam Lawan da ɗansa Rabi'u, ya raya mai sunan.